Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Kowace shekara a cikin wannan ɗan littafi akan bar wa ƙungiyar taimakon jama'a ta ɗalibai shafi biyu ko uku, ta lissafa abin da ta yi, ta yi godiya, ranar hafla a tafa mata. Bana mun roƙi Ustaz mai kula da mu ya bar mu mu yi wani abu dabam. Mun ce mishi muna son mu faɗi inda muka kasa, da dalilin kasawar, da abin da muke ganin ya kamata a canza kafin a tafi babban hutu. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Ku rubuta, amma kada ku kama sunan kowa, kuma ku fara da laifin kanku." To haka za mu yi in Allah ya yarda.

Mu masu wannan magana ƴan aji biyu ne na sanawi, mun yi shekara ɗaya cikin biro a ƙarƙashin yayyenmu ƴan ajin bak. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: ƙungiyarmu ba ta rasa masu niyya ba, ba ta rasa masu ƙarfi ba, abin da ta rasa shi ne tsarin shekara. Kuma wannan tsarin yanzu ya kamata a yi shi, kafin a rufe makaranta, ba sai an dawo ba.

Yadda shekarar ta tafi

Ba wanda zai manta da daminar 2024. Ruwa ya yi ɓarna a jihohin ƙasarmu, gidaje sun zube, a nan Damagaram har tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150 yana tsaye, ya faɗi a farkon watan Satumba. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. A waɗannan makonni ne mutanen unguwanninmu suka fi bukatar hannu: kwashe ƙasa, fitar da kaya daga ɗakunan da suka tsage, taya tsofaffi matsawa zuwa gidan dangi. Ina ƙungiyarmu take a lokacin? Babu ita. Tsohon biro ya gama bak ya watse, wani ya tafi Say, wani Yamai, wani yana nan jami'ar André Salifou amma ya shiga sabuwar rayuwa. Sabon biro kuwa ba a zaɓe shi ba tukuna. Da yawa daga cikinmu sun taimaka a unguwanninsu, Allah ya saka musu, amma kowa shi kaɗai ya yi. Ƙungiyar da aka kafa don taimako ta yi barci daidai lokacin da ake nemanta.

Da aka koma, sai da aka kai ƙarshen Nuwamba kafin a yi zaɓe. A zaman farko aka ce kowa ya faɗi aikin da yake son a yi. Wallahi har tablo ya cika, mun ƙirga aiki 14. Shuka itatuwa, tara tufafi, ziyarar gidan likita, ziyarar gidan kaso, sharar maƙabarta, darasin dare ga ƙanana, gyaran pampon masallaci, da sauransu. Kowa ya fita yana murna. Ba wanda ya tambaya wane wata za a yi wanne, da kuɗin wa, kuma wa zai tsaya a kai.

Mun fara da itatuwa. Mun samo dashen dogon yaro 40 muka dasa a bakin katangar makaranta cikin watan Disamba, bayan ruwa ya ɗauke da wata biyu. Satin farko ana rige-rigen ba su ruwa. Sati na uku mutum huɗu ne suka rage. Ba mu yi musu shinge ba, awakin unguwa suka samu kiwo. Da zafi ya shigo, pampo ya fara ɗaukewa kamar yadda ya saba a garin nan, bido ya yi tsada wurin ƴan ga-ruwa, wa zai ɗauki ruwan da ake jira a gida ya zuba wa icce? Yau in kun bi ta bakin katangar za ku ga guda 5 ne suke raye.

Sai tufafin sanyi. A watan Janairu muka yi sanarwa, lokacin hunturu ya riga ya kankama. Aka yi ta kawowa kaɗan-kaɗan, aka wanke, aka ware na manya da na yara, aka jira ranar da kowa zai samu dama. Ba mu kai wa almajiran wata makarantar allo ba sai ƙarshen Fabrairu, lokacin yaran sun fara kwana waje saboda zafi. Malaminsu dattijo ne mai kawaici. Ya karɓa, ya yi mana addu'a mai tsawo, sannan ya ce: "Madalla ƴaƴana, za mu ajiye musu sai baɗi." Bai faɗa don ya kunyata mu ba, amma a hanyar dawowa ba wanda ya iya yin magana.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ta fi mana ciwo. Mun yanke kowane mamba ya riƙa ba da dala 10 a sati, wato sefa 50. Ma'ajinmu yana karɓa yana sawa a wata ƴar gwangwani, in an bukaci abu a ce mishi "ba da", ya bayar. A watan Afrilu da aka zauna lissafi sai aka ga jika 7 ba a san inda suka shiga ba. Aka fara ƙus-ƙus a aji, har wani ya faɗi kalmar da ba ta dace ba a gaban mutane. Daga baya da aka bi a hankali, sai ga shi kuɗin amalanken da ya ɗauko dashe ne, da sabulun wankin tufafi, da kabu-kabun da aka hau sau da yawa. Bai ci ko dala ba. Amma ya yi wata biyu bai taka wurin taronmu ba, kuma har yau akwai mutum biyu a ajinmu da gaisuwa kawai ke haɗa su. Muna amfani da wannan shafi mu nemi gafararsa a gaban kowa. Laifin namu ne duka, mu da muka ɗora mishi amana ba mu ba shi ko kaye na dala 40 ya rubuta ba.

Abu ɗaya ne ya tafi daidai, kuma ƴan'uwanmu mata ne suka riƙe shi. Tun cikin watan Sha'aban amirarsu ta zauna da su suka rubuta gidajen da suka yarda su dama kunu, da ranar kowane gida, da wadda za ta sayo dabino, da wanda zai ɗauko ƙanƙara, da samarin da za su ɗauki kulolin. Suka je suka nemi izini wurin masu kula da gidan likita tun kafin a ga wata. Azumi ya kama a farkon Maris, kuma kowace Juma'a har Sallah an kai wa masu jinya buɗa-baki, ba a tsallake ko ɗaya ba, ba a yi faɗa ba, kuɗi ma har da saura. Mutanen dai su ne, makarantar ita ce, aljihun shi ne. Bambancin kawai su sun shirya wata guda kafin lokaci, mu kuwa muna fafe gora ranar tafiya.

Na farko: shekararmu kalanda uku gare ta

Duk wanda zai tsara wa ƙungiya irin tamu shekara, sai ya ajiye kalanda uku a gabansa.

Ta farko ta makaranta ce: ranar komawa, lokutan imtihani, ƙananan hutu, da watannin ƙarshe da ƴan birbe da ƴan bak ba su da lokacin kowa. Duk aikin da aka sa cikin satin imtihani ko satin da ke gabansa, an sa shi ne don ya mutu. Iyaye ba za su bari ba, kuma suna da gaskiya.

Ta biyu ta Hijira ce. Mun koya a aji cewa shekarar wata kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da wajen kwana 11. Ke nan azumi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bana ya kama a farkon Maris, layya ta zo a makon farko na Yuni. Baɗi, in Allah ya kai mu, azumi zai kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu 2026 gwargwadon ganin wata, layya kuma wajen ƙarshen Mayu. Wanda ya kwafi tsarin bara ya liƙa a bango ba tare da ya duba wannan ba, zai tashi ya ga Sha'aban ya wuce shi. Ma'anarsa shirin buɗa-baki na baɗi tun cikin Janairu ya kamata a fara shi, daidai lokacin da bana muke ta neman tufafi.

Ta uku ita ce ta gari: damina, kaka, sanyi, zafi. Wannan ba a rubuce take ba amma kowace tsohuwa ta haddace ta. Icce da damina ake dasa shi, shi ya sa ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama kuma ranar dashen itatuwa a ƙasarmu. Tufafin sanyi a Nuwamba ake tara su, su isa jikin mai bukata kafin tsakiyar Disamba. Kanibo da magudanan ruwa a Mayu ake yashe su kafin ruwan farko, ba bayan ya shiga ɗakunan mutane ba. Zazzaɓin sauro yana tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin ne yara ƙanana suka fi bukatar ƙarin jini. Mu yawancinmu ba mu kai shekara 18 da ake yarda mutum ya ba da jini ba, amma muna da yayye da kawunnai da za mu iya yi wa magana.

In aka jera kalandar nan uku, sai a ga watannin da suka rage mana na aiki ba su da yawa, kuma kowane wata da aikin da ya dace da shi. Sai a ga kuma wani abu: aiki biyu mafi muhimmanci, dashe da taimakon damina, cikin babban hutu suke faɗowa. Wannan shi ya kai mu magana ta biyu.

Na biyu: a yi zaɓe kafin a tafi hutu

Muna roƙon a yi zaɓen sabon biro a cikin satin hafla, tsohon biro yana nan, a miƙa kaye da kuɗi da makullin ɗakin kaya hannu da hannu a gaban Ustaz. A zauna zama ɗaya na awa biyu a rubuta tsarin shekara a takarda ɗaya, a liƙa kwafi a ofishin mudir.

Mun san abin da za a ce: ai da hutu rabin ɗalibai ƙauye suke tafiya noma, wasu Kano ko Maraɗi wurin dangi. Gaskiya ne, wasunmu ma masu wannan rubutu gona za mu tafi. Amma ba kowa ke tafiya ba. A rubuta sunan waɗanda za su yi hutu a gari da unguwar kowa da lambar gidansu. Ko mutum 10 ne sun isa su dasa icce 15 a farkon Agusta, su yi musu shinge da ƙaya ko tsofaffin tubala, su kuma zama waɗanda za a kira in ruwa ya yi ɓarna a wata unguwa. Mun ce 15, ba mu ce 40 ba, don a garin nan ba da yawan rami ake auna dashe ba, da yawan ruwan da za a iya ba shi a watan Afrilu ake aunawa. Kowane icce a ba shi mai shi, aji ɗaya ko mutum biyu, a san wanda za a tambaya in ya bushe. Manya suna ba mu labari cewa sarakunan Damagaram na da sun hana sare gawo, kuma har yau wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magarya yana ganin gawo cike da gonaki. Ba dasawa kaɗai ta tsayar da su ba, tsaro ne.

Na uku: kada a ba ƴan ajin bak shugabanci

Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi, kuma a kanmu za ta fara faɗawa. Bisa al'adar makarantar nan ƴan aji uku na sanawi ke riƙe kujerar amir da amira da katibi. Baɗi mu ne ƴan aji uku. Ke nan in an bi al'ada, kujerun namu ne ba gardama. To mu muna cewa kada a ba mu.

Mun ga yadda yayyenmu suka yi bana. Ba ragwaye ba ne, sun fi mu son ƙungiyar. Amma ɗan ajin bak na madarasa yana ɗauke da kaya biyu, darussan Larabci da na Faransanci, ga darasin yamma, ga bitar dare. Daga Fabrairu zuwa sama ba ka ganin amir sai a bakin masallaci yana sauri. In an kira taro ya ce a jira shi, in an jira shi bai zo ba, kuma kunya ta hana ƙananan su yanke shawara ba shi. Haka aka yi ta ɗage kai tufafin nan har sanyi ya wuce. Shi ma an cuce shi, don kullum yana tsakanin karatunsa da amanar da aka ɗora mishi.

Shawararmu ita ce a ba ƙannenmu da za su shiga aji biyu shugabanci, ƴan aji ɗaya su zama mataimaka don su koya, mu kuma ƴan aji uku mu zama ƴan shawara, a zo wurinmu sau ɗaya a wata. Ta haka wanda ya sauka yana nan cikin makaranta shekara guda cur bayan saukarsa, in an rasa wani abu a tambaye shi.

Wasu abokanmu sun ce mana: "Haba, yaya za a yi ƙane ya riƙa ba yayansa umarni?" Mun fahimci wannan, tarbiyyarmu ce girmama na gaba. Amma shugabancin ƙungiya hidima ce, mai ita shi ke fara zuwa shi ke ƙarshen tafiya, shi ke ɗaukar tsintsiya. Kuma mun karanta a sira yadda aka ba Usama ɗan Zaidu jagorancin runduna yana matashi, alhali a cikinta akwai manyan sahabbai. Girman yaya ba ya raguwa don ƙanensa ya riƙe kaye. Wani kuma ya ce mana a ɓoye shi dai ya shekara biyu yana jiran ya zama amir. Mun gode mishi da ya faɗi gaskiya, don a zuciyar da yawa daga cikinmu akwai wannan. Sai dai mu tambayi kanmu, don kujerar muka shiga ko don aikin?

Na huɗu: aiki uku sun isa

A maimakon 14, a zaɓi uku a shekara, a gama su. Mu a ganinmu: dashe da kula da shi daga Agusta har damina ta zagayo, tufafin sanyi a Nuwamba, buɗa-baki a azumi. In an ga da sauran ƙarfi, a ƙara yashe kanibon da ke gaban makaranta a watan Mayu, safiyar Asabar guda ɗaya. Kowane aiki a rubuta abu huɗu a gabansa: ranar farawa, ranar gamawa, kuɗin da zai ci, da sunan mutum ɗaya da ke riƙe da shi. Mutum ɗaya, ba "kwamiti" ba. Abin da aka ce na kowa ne, mun gani da idonmu, awaki ke cinye shi.

Sauran ayyukan ba a ce ba su da lada ba. Amma darasin hadisi ya sha nuna mana falalar ɗan ƙaramin aiki mai ɗorewa a kan babba mai yankewa. Kakanninmu da suka yi Samariya a zamanin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987, suna ba mu labarin yadda matasan unguwa ke gina aji ko share gari da aikin gayya. In ka saurare su da kyau za ka ji gayya ma tana da doka: ana sanar da rana tun da wuri, an san mai kawo abinci, an san mai kiɗa, kuma aiki ɗaya ake sa wa gaba a gama shi kafin rana ta yi zafi. Ba a taɓa kiran gayya a gona biyar rana ɗaya ba.

Haka nan taro. Bana mun yi taron da ya kai awa biyu da rabi ba a yanke komai ba. A mayar da shi sau biyu a wata, minti 40, katibi ya karanta abin da aka yanke a zaman baya, a tambayi kowa inda ya kwana. Kuma a sa shi lokacin da ƴan'uwanmu mata za su iya zama har ƙarshe su isa gida kafin magariba. Sau da yawa bana sai sun tashi ake yanke magana, sannan gobe a ce musu ga abin da "aka" yanke. Bayan abin da suka nuna mana a azumi, wannan bai kamata ya sake faruwa ba. A biro a ba su rabi, kuma ba laifi in ma'aji ta fito daga cikinsu.

Na biyar: kowace dala a rubuce

Mu yi lissafi tare. In mamba 60 suka ba da dala 10 kowane sati, jika 3 ke nan. In aka samu sati 30 a shekara, jika 90. Bana ko rabin haka ba mu tara ba, don ba wanda ya san wa ya biya wa bai biya ba. Wanda ba shi da hali kada a matsa mishi, kada kuma a karanta sunansa a taro, ƙarfinsa ma gudummawa ce. Amma abin da ya shigo da abin da ya fita dole a rubuta: rana, adadi, dalili, da sa hannun mutum biyu. Kuɗin su zauna wurin Ustaz, kaye ya zauna wurin ma'aji. Ƙarshen kowane wata a rubuta jimla a tablo kowa ya gani.

An ce mana wai wannan rashin yarda ne tsakanin ƴan'uwa Musulmi. Mu kuwa mun ga akasin haka. Kowane ɗalibi a nan ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma ga muminai aka saukar da ita. Sayyidina Umar ne ya kafa diwani don a san haƙƙin kowa, a zamaninsa ne kuma aka tsayar da lissafin shekara daga Hijira. Rubutu mai riƙon amana yake karewa kafin kowa. Da muna da kaye, da ɗan'uwanmu bai kwana da baƙin ciki ba.

Akwai kuma masu cewa duk wannan tsare-tsaren na me, ai komai sai Allah ya nufa. Haka ne, kuma ba mu rubuta ko rana ɗaya a nan ba face da in Allah ya yarda. Amma Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tanadin shekara bakwai ya tsara wa mutanen Masar kafin yunwa ta zo. Kuma kowa ya san amsar da aka ba mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Shekarar nan ma ta koya mana cewa tsari yana iya rushewa, tunda ba wanda ya san za a ɗage komawa makaranta da kusan wata guda. Amma wanda ke da tsari in an ɗage rana sai ya matsar da abubuwa. Wanda ba shi da shi ba ya ma sanin me ya rasa.

Na shida: mutuncin wanda aka je taimaka wa

Wannan gajeruwa ce amma kada a manta da ita. Kafin a kai wa mutane abu, a je a tambaye su abin da suke bukata. Da mun je wurin malamin almajiran nan tun Nuwamba, wataƙila ya ce mana tabarmi da bargo sun fi riga amfani. Sannan a bar ɗaukar hoton mai karɓa. Mun ga yadda wata uwa a gidan likita ta ja mayafi ta rufe fuska da aka ɗaga waya. A ɗauki hoton kuloli da masu ɗauka in ana son shaida, a bar marar lafiya da ciwonsa. Gobe yana iya zama ɗayanmu ne kwance a wurin.

Roƙonmu

Ga mudir da malamanmu: ku yarda a yi zaɓen kafin a rufe, ku ba mu aji ɗaya na awa biyu, kuma Ustaz ya zauna da mu har a rubuta takardar. Ba mu ce ku yi mana aikin ba, ku dai riƙa tambayarmu inda aka kwana.

Ga iyayenmu: mun san fargabarku ita ce kada ƙungiya ta cinye karatu. Da wannan tsarin za ku san tun farkon shekara ranakun da ɗanku ko ƴarku za su fita, kuma ba ko ɗaya a lokacin imtihani. Ku ajiye mana tufafin da suka yi wa yara kaɗan, za mu zo karɓa a Nuwamba.

Ga ƴan ajinmu: mun san abin da muka nema ba mai daɗi ba ne. In kun ga ba mu yi daidai ba, ku zo taron ku faɗi hujjarku, shura ke nan, abin da mafi yawa suka zaɓa shi za mu bi. Amma kada mu yi shiru har Oktoba ta riske mu kamar bara.

Ga ƙannenmu da za su shiga aji biyu: kada ku ji tsoro. Kayen yana nan mun saya, shafin farko mun rubuta kurakuranmu duka da wata da rana. Iccen nan 5 da suka rayu ku ne za ku gaje su, ku fara da yi musu shinge.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure daga gare mu ne, a yafe mana. Allah ya ba ƴan birbe da ƴan bak sa'a, ya ba mu damina mai albarka marar ɓarna, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri. Amin.



Daga ƴan aji biyu na sanawi da ke cikin biro mai barin gado.